Littattafan Habibu da Muka Ƙone

Bana shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Habibu. Lissafin ba ya ɓace mini, domin a shekarar ce tsutsa ta cinye mana tumatir tun daga Kura har Bunkure. A cikin wannan ranin ya kwanta da zazzaɓi, kwana huɗu Allah Ya karɓi abinsa.

Ni noman rani na gada, ban shiga aji ba. Shi ne ya yi boko. Yana koyar da kimiyya a wata sakandare wajen Dawakin Kudu, yana kuma ƙaro karatu a jami'a kan wata irin kwamfuta da ake kira kwantom. Wata rana ya same ni ina ban ruwa, na ce ya gaya mini abin da ke hana shi zuwa gona. Sai ya nuna mini ƙofar da ke raba ruwan kanal.

"Yaya, kwamfutar da aka saba da ita kamar ƙofar nan take, ko a buɗe ko a rufe. Wannan kuwa, kafin ka duba, tana ɗauke da duka biyun. Kana dubawa sai ta tsaya a ɗaya, kuma babu mai iya gaya maka wanne. Iyakarmu mu lissafa wanne ya fi yiwuwa."

Na ce, "To injin da bai san amsarsa ba, miya za a yi da shi?"

Ya yi dariya, ya jefa tsakuwa biyu a kanal. Inda igiyoyin ruwan suka haɗu, wani wuri sun tashi, wani wuri sun kwantar da juna. Ya ce gwanintar ita ce a tsara aikin yadda amsoshin banza za su kashe juna, ta gaskiya ta yi ƙarfi, sannan a yi ta maimaita tambayar a ɗauki wadda ta fi fitowa.

Na roƙe shi ya bar maganar tsakaninmu, bai bari ba. A majalisa aka fara yi masa tsiya: "Malam Habibu, a buga mana ƙasa mana, yaushe za a sako ruwa?" Daga baya tsiyar ta koma raɗa, wai yana lissafin abin da bai faru ba.

Bayan sadakar bakwai muka buɗe akwatinsa. Littattafai ne cike da rubutun hannunsa, ba irin bokon da muka saba gani ba, ba Larabci ba: layuka da gidaje kamar hatimi. Kawunmu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaron nan ya taɓa abin da ya fi ƙarfinsa. Ku rufa masa asiri." A wajenmu takardar da ba a san abin da ke cikinta ba, ba a yar da ita, ba a kuma kwana da ita a gida. Ƙonewa ake yi. Ni na kyasta ashanar. Guda ɗaya na tura cikin buhun iri, har yau ban san dalili ba.

Shekara biyar ina jiye masa tsoron makwancinsa, ko a kan tsafi ya mutu. Idan na yi masa addu'a sai gabana ya faɗi. Abin da ya kai ni ajin yaƙi da jahilci ke nan da furfurata, ina haɗa baƙi bayan la'asar. Sai da na yi shekara uku kafin na iya karanta 'yar Hausar da ya rubuta a gefen shafi. A wani wuri ya sa: "Yadda zan bayyana wa Yaya." A wani kuma: "Sanin abin da zai fito na Allah ne, namu awon yiwuwa kawai." Ranar ban iya cin tuwo ba.

Yanzu ina ji a rediyo manyan ƙasashe na tseren ƙera injin nan. Ya taɓa ce mini idan ya ƙeru, zai iya buɗe sirrin da aka kulle a wayoyi. Da yana raye ban san ko murna zai yi ko fargaba ba. Na dai san da mun sami wanda zai yi mana bayani da Hausa.

Amma tsorona na kusa ne. 'Yarsa Rahama tana ajin ƙarshe na sakandare, kimiyya take so. Sau biyu tana ce mini, "Baffa, ina littattafan Abbana?" Sau biyun ina cewa suna nan a ajiye. Ina tsoron irin kallon da za ta yi mini, har na kasa faɗa mata da baki. Shi ya sa na aiko da wannan rubutu jaridar nan, domin ita ke karanta wa mahaifiyarta ita.

Rahama, littattafai bakwai ne, aikin shekara huɗu. Mun ƙone shida. Ɗaya ya rage, yana wajena, ki zo ki karɓa. Allah Ya jiƙan Habibu, Ya yafe mana.