Luda, Mai Jiƙa Kwalabe

Ƙarfe bakwai na safe Ludmila Hrynchuk take sauka ƙasan ginin kimiyya, ta kakkaɓe ƙanƙara daga takalmanta, ta sa safar hannu. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ba ta zama. Ta tsamo kwalaben da suka kwana cikin ruwan asid, ta ɗauraye kowace sau bakwai da tataccen ruwa, ta kife. Ranar Juma'a za ta ajiye aiki, kuma rabin masu digirin da ke sama ba su iya faɗin sunan mahaifinta ba. Luda kawai suke ce mata.

A hawa na uku ake haɗa wata hoda mai walƙiya kore a ƙarƙashin fitila. Da ta haɗu da narkakken ƙarfe, komai ƙanƙantarsa, sai haskenta ya mutu. Da ita ake son gano ƙarfe cikin ƙwayoyin jiki masu rai. Behnaz, ɗalibar digiri na uku, ta ba hodar shekara huɗu. Bara sai hodar ta daina haske, ko an zuba ƙarfe ko ba a zuba ba. Farfesanta ya ce in wata ya ƙare a haka, a rufe aikin. Takardar zamanta a Kanada kuwa da aikin take rataye.

Behnaz ta rame. Ta sauya sinadarai, ta zargi fitila, ta zargi kanta. Luda ba ta karanta ko shafi ɗaya na binciken ba. Abin da ta lura shi ne sati shida ƙananan kwalaben yarinyar ba su sauko wurinta ba.

Ta hau sama da kanta. Ta tarar da ita a bakin famfo tana wanke kwalaben.

Behnaz ta ce ba ta da kwana guda na jiran jiƙo, ai sabulu ma wanki ne.

"Sannu, Dokta Sauri," in ji Luda. "Bututun nan ya girme ni, tsatsa ce fal cikinsa. Hodarki ba ta lalace ba, 'yar nan. Ƙarfe take gani tana gaya miki, ke ce ba kya ji."

Ta kwashe kwalaben a tire, ta hana ta taɓawa sai washegari. Sun kwana cikin asid, aka sake haɗa hodar a cikinsu. Waɗanda ke ɗakin sun ce da koren ya tashi a ƙarƙashin fitila, Behnaz zama ta yi a ƙasa. Luda ta riga ta koma, akwai wasu a jiƙe.

Takardar binciken ta fito da sunayen marubuta shida. Babu na Luda.

Ke ce wadda ba a gani sai ranar da aka tsallake ki. Ke ce kika ƙi rage ɗauraya ɗaya cikin bakwai, ko da babu mai ƙirga miki. Mun gode, Luda.

Ranar Litinin wani zai sa safar nan. Duk wanda ne, kada ya tsaya a ɗauraya ta shida.