Baj a Ƙarƙashin Haɓa

Har yau in na shafa ƙarƙashin haɓata ina jin tabon nan guda-guda, kuma har yau in na ji su sai raina ya ɓaci. Shekarun da na yi a Arlit ne suka bar mini su. In aka ce mutum ya yi aikin uraniyum ya fito da tabo, mutane tunaninsu dutse ne ya faɗo masa ko inji ya kama shi. Ni reza ce ta yi mini illa, ita da wani ɗan katin roba da ke rataye a wuyan shef ɗinmu, wato shugabanmu a wurin aiki.

Wani ƙaramin kamfanin kwangila ne ya ɗauke ni, ban daɗe da zuwa daga Damagaram ba. Aikinmu shara da kwashe garin dutse a gindin injin da ke niƙa shi. Ba a shiga wurin sai da takunkumin roba mai rufe hanci da baki, da gwangwanin tace iska ɗaya a kowane gefe. Doka ta ce gemu da takunkumi ba su zama tare, domin gashi yana ɗaga robar, garin dutsen ya sami hanyar shiga huhu. Ban taɓa jayayya da wannan doka ba, ko a lokacin ko yanzu. Wanda ya kafa ta ya san abin da yake yi.

Abin da nake jayayya da shi shi ne yadda shef yake duba ta. Kowace safiya in mun sauko daga motar ma'aikata muka sa kayan aiki, sai mu yi layi a ƙofa, takunkumi rataye a wuya. Shi kuma ya ciro baj ɗinsa, katin shaidar aiki, ya ɗora gefensa a maƙogwaron mutum ya ja sama zuwa haɓa. In katin ya yi ƙarr, shi ke nan, ka tuɓe kaya ka nemi kabu-kabu ka koma gari, an rubuta maka takardar gargaɗi. In takardun suka kai uku ka bar aikin. Ga shi mutum ne mai jin daɗin abin. Har karkatar da kai yake yi yana rufe ido ɗaya, wai yana sauraro.

To tunda baj sama yake tafiya, mu ma sai muka riƙa aski sama. Da asuba mutum zai tsuguna a tsakar gida da ɗan madubi, ya goga sabulun wanki da ruwan sanyi, ya ja fatar wuyansa da hannun hagu har ta miƙe, ya kankare ta daga ƙasa zuwa sama, sau biyu, sau uku, da rezar da ta kwana bakwai tana aiki. In ya gama ya watsa turare mai sinadarin alkol ya ciji leɓe don zafi. Duk unguwar ma'aikata haka ake yi, kuma an yarda cewa zafin turaren shi ne maganin. Wanda bai yi tsalle ba ma cewa ake turarensa jabu ne.

Wasu fatarsu ta ɗauka. Tawa ba ta ɗauka ba, gadon mahaifiyata ce, wadda ko sabon zane ta ɗaura sai jikinta ya yi ja. Wata guda da fara aiki wuyana ya cika da ƙurajen aski, ƙanana da manya, wasu har da mugunya. Kuma daidai nan gefen robar takunkumi yake zama. Ka haɗa da zafin Arlit, inda tun hantsi gumi yake bin mutum, ya taru a cikin robar ya jiƙa wurin da aka kankare. Wuni nake yi kamar an shafa mini barkono. Da yamma in na cire takunkumin, iyalina ta dube ni ta kau da kai.

"Malam, wannan wuyan dai a kai shi likita," ta ce.

Na je. Aka ba ni wani farin mai a ɗan kwali, aka ce in bar aski kwana biyar. Na yi dariyar takaici. Kwana ɗaya kawai na gwada bari, baj ya yi ƙarr, na karɓi takarda ta farko. Ta biyu kuwa shef ya tarar da ni ne a bayan injin na ɗaga takunkumi ina fifita wuyana da hannu. A nan laifina ne, ban musa ba. Amma da ya tsaya ya dubi abin da nake fifitawa, da ya ga jini. Bai duba ba. Saura takarda ɗaya ke nan tsakanina da komawa Damagaram da mata da ƴaƴa biyu, bayan na riga na aika gida cewa na samu aiki.

Maƙwabcina kuwa, wanda katanga ɗaya ta raba mu, shi ne ɗan gaban goshin shef. Mutumin Maraɗi ne, Kirista, shi ke jan waƙa a ƴar majami'arsu da ke bayan layinmu. Ranar Lahadi daga tsakar gidana nake jin muryarsa ta fi ta kowa tashi. Baj bai taɓa yin ƙara a wuyansa ba ko sau ɗaya. Shef yakan kama haɓarsa ya juya mana ita ya ce, "Ku dubi wannan, haka ake aski." Shi kuma ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. In mun fito yana tsokanata, "Ɗan Damagaram, fatarka ce ta sarauta, ba ta son wahala." Ni ma in rama, in ce tasa ai kirgi ce. Ban taɓa tambayarsa yadda yake wuni da ita ba.

Wata Juma'a bayan an taso daga aiki na tafi wurin wani tsohon wanzami, mutumin Tawa, da ke da rumfa a gefen kasuwa. Nufina ya yi mini irin askin da baj ba zai ji ba. Ya ɗaga haɓata da yatsa biyu, ya daɗe yana kallo.

"Wa yay yi maka wanga aiki?"

"Ni ne, Baba."

"Kai da kanka? To mi huskakka tay yi maka?"

Na ba shi labarin baj. Ya yi tsaki ya mayar da askarsa cikin zabira.

"Ba ni sa aska bisa wanga wuri, ɗana. Zamna in gwada maka abu."

Ya ciro ƴar auduga ya shafa a wuyana a hankali. Ta wani ɓangaren ta zame sumul, ta wani ta maƙale. Ya ba ni madubi ya ce in duba da kaina. Ashe gashin wuyana a gicciye ya kwanta, daga maƙogwaro zuwa kunne, a ƙarƙashin haɓa ma har juyawa yake yi. Shekara talatin da wani abu ina ɗauke da wannan wuya ban san haka ba. Ya ce in mutum ya ja fata ya aske gashi ta inda bai kwanta ba, rezar takan yanke shi har ƙasa da fata. Gashi irin namu kuwa mai murɗewa ne, in ya tashi fitowa sai ya lanƙwasa ya soki naman. Ƙurjin ke nan, kuma kowace safiya ina bi ta kansa da reza ina fasa shi.

Ya ce in bar wurin ya huta kwana biyu na hutuna, in riƙa ɗora tsumma mai ɗumi safe da yamma. In na tashi aski kada in yi shi da asuba in tafi in sa roba a kan ɗanyar fata. In yi da la'asar, ta kwana ta huce. In jiƙa gashin da ruwan ɗumi sai ya yi laushi, in sa kumfar sabulun wanka mai yawa, reza sabuwa, in bi kwanciyar gashin sau ɗaya, ban da jan fata, ban da dannawa. In wanke da ruwan sanyi, in taɓa alimun, farin dutsen nan na wanzamai, inda ya yi jini kawai, sai ɗan man kaɗanya. Da na tambaye shi turaren fa, sai ya ce, "Ka sa shi ga riga. Don riga anka yi shi."

"Baba, in na yi haka baj zai ji."

"Shi ji mana. Baj ɗin ne ka shaƙa iska ko kai?"

Na koma gida ina ta juya maganar. Ranar da aka ɗauke mu aiki, wani mai koyar da tsaro ya nuna mana yadda ake gwada takunkumi: ka sa shi, ka toshe gwangwanayen biyu da tafin hannu, ka ja numfashi. In robar ta manne a fuska ta tsaya, ya zauna daidai. In ka ji iska tana shigowa ta gefe, bai zauna ba. Gwajin ke nan, ba a ambaci baj ba ko kaɗan. Shef ne ya ƙirƙiro nasa don ya fi sauri, mu kuma tsoron takarda ya sa muka manta da na gaskiyar.

Na bi maganar tsohon tiryan-tiryan. Ranar Lahadi da la'asar na yi aski, karo na farko a Arlit da ban ga jini a kumfa ba. Litinin da safe kumburin wuyana ya sace, ƙurajen sun fara bushewa. Amma da na shafa hannu sama na ji kaushi, na san abin da ke jirana. Haka na hau motar ma'aikata.

Baj ya yi ƙarr. Shef ya buɗe idon nan da yake rufewa.

"Ta uku ke nan. Tuɓe kaya."

Ni mutum ne mai zuciya, na sani, kuma ta sha jawo mini. Ran nan dai ban yi nadamarta ba. Na ce, "Shef, ba zan tuɓe ba sai an gwada ni yadda aka koya mana." Kafin ya amsa na ja takunkumin na ɗaure madaurinsa tamau, na toshe gwangwanayen, na ja numfashi. Robar ta lotsa ta manne mini. Na tsaya haka ina kallonsa cikin ido har ƙirjina ya fara zafi, iska ko kaɗan ba ta shigo ba. Na cire na ce, "To a gwada kowa. A fara da wanda ya fi mu iya aski."

Wallahi ba don in kunyata maƙwabcina na faɗa ba, so nake shef ya ga ni da shi ɗaya muke. Ya sa takunkuminsa yadda ya saba sa shi, ya toshe, ya ja. Duk layin muka ji iskar tana shiga ta gefen muƙamuƙinsa, fuuu. Shef ya ce ya ƙara ɗaurewa. Ya ja madaurin, fuskarsa ta yamutse, hawaye ya cika masa ido. Da ya cire, gefen robar da jini. Fatar nan da ake juya mana kullum sumul take ga baj, amma ɗanya ce jawur, an kankare ta har ta zama gyambo. Ya ce da ƙaramar murya, "Shef, in na ɗaure sosai ba na iya wuni. Tun bara nake sassautawa."

Aka bi layi. Fiye da rabinmu haka suke, madauri a sassauce, kuma waɗanda baj ya fi yabo su ne iska ta fi shiga. Watanni muna tsaye a cikin garin dutsen nan, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa, kowa yana ganin shi kaɗai ne raggo. Abin da ya fi ƙona mini rai, dokar da aka kafa don huhunmu ita aka bi ta wannan hanya har ta buɗe wa ƙurar ƙofa, kuma da hannunmu muka yi, kowace asuba, har muna watsa turare.

Shef bai ba kowa haƙuri ba. Ya duba agogo ya ce lokaci yana tafiya, mu wuce. Takarda ta uku ba a rubuta ta ba, daga ranar kuma baj ya zauna a wuyansa. Aka koma gwaji da tafin hannu kamar dama can haka ake yi. Na ci gaba da aikina shekaru, ƴaƴana suka yi makaranta a Arlit. Rumfar tsohon nan ta cika da ma'aikata masu zuwa a shafa musu auduga.

Maƙwabcina ya riga ni barin aikin. Tari ne ya kama shi, irin wanda nake ji ta katanga. Ni ba likita ba ne, ba zan ce ga abin da ya kawo shi ba, mutane suna tari a ko'ina. Na dai san watannin da ya yi da madauri a sassauce, na kuma san dalili. Wata Lahadi na ji an ɗauki waƙa a majami'arsu da wata murya daban, na ajiye abin da nake yi na zagaya zuwa gidansa.

Na same shi zaune a tabarma, ya tara gemu har ƙirji. Ya shafa shi yana dariya.

"Ɗan Damagaram, zo ka duba. Ko ƙurji ɗaya babu."

Dariyar ce ta tayar masa da tarin. Na ɗauko kofin ruwa na durƙusa kusa da shi, na riƙe ina jira ya lafa.