Tsargiyar Sale

Ladan ya gama kiran sallar Azahar ke nan, ranar kasuwar Jibiya, cikin damina, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. Mu uku ne a bayan rumbun Kawu: ni, da taubashina Sale ɗan Kawu, da Idi maƙwabcinmu. Sale ya tsuguna ya yi fitsari a kan rairayi, ya miƙe yana murmushi, ya ce mu zo mu gani. Muka duba, sai ga jini ja a ƙarshen fitsarin. Idi ya buga masa kafaɗa ya ce, "Wanga kam ya zama namiji." Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma ɗan goyo, mi kake jira?" Ciwon da zai kashe Sale muke kallo, ni kuwa hassada nake yi.

Mutanenmu ba jahilan cuta ba ne. Kowace da sunanta da yadda ake bi da ita. Da farko akwai dundumi, wanda mai shi ba ya gani da zarar rana ta faɗi, sai a gasa masa hanta. Sai farfaɗiya, ba a barin mai ita kusa da murhu ko bakin rijiya. Sai shan inna mai shanye ƙafar yaro, da maƙoƙo mai kumbura wuya. Tsargiya kaɗai, wato fitsarin jini, aka bari ba a lissafa ta ba. Alamar balaga aka ɗauke ta, har tsofaffi kan ce, "Zai bari in ya yi aure."

A gidanmu aiki a jere yake. Da safe allo, da hantsi gona, da yamma in kai awaki kiwo, in dawo da ciyawa. Sale kuwa yana sauke fartanya sai kududdufin bayan gari, inda ake ɗibar ƙasar gini. Daga kan tudu nakan hango shi da sauran yara suna iyo, suna nutso, su fito su yi langa a kan yashi har jikinsu ya bushe ya yi fari. Baba ya hana ni shiga, ba don ya san wani abu ba, shi dai a ganinsa shiririta ce. Kullum da safe nakan zaga in duba ko nawa jinin ya zo. Bai zo ba.

Sale ya girma, ya riƙa bin jakuna zuwa Maraɗi, ya dawo da gishiri da kanwa. Ya yi aure, jinin bai bari ba. Wanzami ya ba shi jiƙo, ya sha ya gaji. Yana da 'ya'ya ƙanana fitsarin ya fara tsaya masa, ƙafafunsa suka kumbura. Ni na kai shi asibiti a Katsina. Likita ya ce ƙwayar cutar a ruwa mai kwanciya take, ta daɗe tana cin mafitsararsa, har ƙoda ta taɓu, kuma da an zo tun yana yaro da an magance ta. A mota muna komawa Sale ya ce, "Ashe kududdufinmu ne. Wallahi ko yanzu aka maishe ni yaro, sai na shiga." Bai ga kaka ta gaba ba.

Yau an cike kududdufin an yi shaguna, babura da manyan motoci ne ke wucewa ta kansa. Maganin tsargiya kuma 'yan ƙwayoyi ne da ake ba yara su haɗiye. Ni na tsufa da lafiyata, amma ban taɓa sanin daɗin ruwan nan ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Mai karatu, idan ɗanka ya yi fitsari ka ga ja, kada ka jira aurensa, kai shi asibiti ranar. Ka kuma sa Sale cikin addu'arka.