Sunan Da Na Kira a Filin Wasa

Ni a ƙwallo ɗan baya ne, kuma ɗan baya bakinsa ke fara aiki kafin ƙafarsa. Tun muna buga ƙwallon roba a lungunan Gwammaja aka san ni da ihu. Da na shiga babban kulob na fara cin abinci da ƙwallo, ihun nan ne ya sa aka ɗaura mini kambun kyaftin. Ba ni da gudu, ban kuma iya yanka ba, amma ina hango hari tun yana tsakiyar fili, sai in kwarma wa mutum sunansa ya koma gurbinsa. Na kira sunan Bayarabe, na kira na Igbo, har da wani ɗan Kamaru da sai da na sha wuya kafin harshena ya iya nasa. Gwiwa ce ta raba ni da wasa. Na yi kwas ɗin koci, na dawo cikin gari na karɓi wani ƙaramin kulob da ke fafutukar haurawa rukunin ƙwararru.

A nan na gamu da ɗan wasan da ya gagari bakina, wato ɗana na fari.

Mu asalinmu Fulani ne, ko da yake shanun sun ƙare tun zamanin kakana, Fulatancin ma sai na gaisuwa. Abin da ya rage mana kunya ce, ita kam mun riƙe ta da kyau. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a ma nuna an san da zamansa. Ni ma ɗan fari ne, har mahaifina ya rasu "kai" da "wannan" na sani. Ana yaye ɗan nawa mahaifiyata ta ɗauke shi zuwa Dukawuya, can ya girma a hannunta. Ban koya masa ƙwallo ba. Mataimakina ne ya gan shi a wasan unguwa, ya kawo mini shi atisaye yana dariya ƙasa-ƙasa, wai ya samo mana lamba biyar.

Yaron ya fi ni tsayi, ya fi ni gudu, ya fi ni iya sa kai. Aibinsa ɗaya ne: yana bin ƙwallo da ido ya manta da mutumin da ke bayansa. Wannan kuwa kira ɗaya ke gyara shi. To ni da me zan kira? In na ce "kai!" rabin fili ne ke waiwayowa. In na ce "biyar!" hayaniya ta haɗiye, don kunnen mutum a cikin taro sunansa kawai yake tsinta. Sai in taɓa mataimakina in ce, "Gaya wa wancan ya duba bayansa." Kafin saƙon ya isa, gola na ɗauko ƙwallo daga raga. Ba sau ɗaya aka ci mu haka ba.

Mai kulob ɗin wani Alhaji ne ɗan kasuwa a Kabara, mutum mai sanyin magana. Ana gab da wasan ƙarshe ya kira ni zaurensa.

"Koci, kunyarka abu ne mai kyau, amma a gida," in ji shi. "In aka sake cin mu ta gefen yaron nan, zan miƙa shi wani kulob a Kudu, inda za a riƙa kiransa da sunansa."

Na fito raina a ɓace, har na bar takalmina ƙafa ɗaya sai da na koma. Haushin da nake ji na gaskiyar da ya faɗa ne. Kuma akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Atisayen nan na bayan la'asar shi ne kaɗai inda nake kallon ɗana iya son raina ba wanda zai ce na yi rashin kunya, ai koci ne ke duba ɗan wasa. Ina son yaron nan ƙwarai, ba na so ya tafi.

Ranar wasan fili ya cika har kan katanga. Nasara kaɗai za ta haurar da mu. Muka jefa ɗaya kafin hutu, muka koma baya muka tsare gida. Saura kaɗan a tashi abokan karawarmu suka samu bugun kusurwa. Mataimakina yana can gefe yana ɗaure wa wani ɗan wasanmu ƙafa. Na ga lamba taransu ya sulale ta bayan yaron, shi kuwa ya kafa wa ƙwallo ido kamar kullum.

"Kai!" na ce. Bai motsa ba.

Sai kawai na ji sunan ya fito, da muryar nan tawa ta kyaftin da na ɗauka ta mutu tare da gwiwata. Yaron ya zabura kamar wanda kunama ta harba. Ya waiwayo, kafin idonsa ya iso kaina ya ci karo da lamba tara. Ya ja da baya, ya tashi sama, ya sa kai ya watsar da ƙwallon har kusan tsakiyar fili. Ba a daɗe ba alƙali ya hura usur.

An ɗaga ni sama, da gwiwar tawa da komai. Babura da adaidaita suka rako mu har cikin gari da hon, mata na leƙowa ta soro suna guɗa. Na ci wasanni da yawa a rayuwata, ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Alhaji ya kama hannuna yana murmushi ya ce, "Koci, ashe bakin yana buɗewa. Yaro yana nan." Shi kuwa yaron ya zo ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba, na amsa ina kallon wani wajen.

Washegari da hantsi na tafi Dukawuya gaida mahaifiyata, ina shirin shan faɗa, don na san labari ya riga ni. Ina zaure na jiyo muryarsa a tsakar gida.

"Hajiya, ashe Baba ya san sunana."

"Ja'iri," ta ce. "Wa ya fara raɗa maka shi a kunne ranar da aka haife ka?"

Sai da na tsaya na goge idona da hannun riga, sannan na yi sallama.