Ranar da Wanzami Ya Zo Yi wa Baba Ƙaho

Surukina, mahaifin maigidana, ya yi shekaru da ciwon bayan da ko ruku'u ba ya barinsa. Da magunguna suka gaza, 'ya'yansa suka fitar da shi waje, aka dasa masa wata 'yar na'ura ƙarƙashin fata, sama da kwankwaso, da siraran wayoyi da suka bi ƙashin baya suna danne zafin. Da yake na yi sakandare, ni aka ba takardar likita na karanta wa gida. Wuri guda na riƙe tsaf: kada a tsaga bayan, kada a huda, don in cuta ta shiga tana iya bin waya har laka.

Baba ya hana a faɗa wa kowa a Bodinga. Ya ce ba za a mai da shi rediyo mai batir a majalisa ba.

Wata bazara, maigida ya kai albasa Shagari, uwar mijina ta tafi barka Sifawa. Ina tankaɗe da hantsi na ji sallamar wanzamin Baba a zaure. Na ɗauka aski ne. Sai na ji Baba yana cewa zafin nan ya tara masa mataccen jini.

"Tuɓe, tsoho," in ji wanzamin. "Tun shekarar da anka sauke tutar Bature nike ma ƙaho, kullum sai ka yi raki."

"Raki? Kai dai hannunka ya hwara rawa."

Na ajiye rariya. Na kira wayar maigida sau uku, ba ta shiga.

Shekara goma sha ɗaya ina gidan, ban taɓa ce wa Baba komai ba bayan gaisuwa, ita ma a durƙushe, ido a ƙasa. Zaurensa kuwa ban taɓa tsayawa ciki ba yana nan, balle ya tuɓe riga. Na tsaya jikin bango ina salati. Na ji an kwance zabira, na ji ƙahonin suna ƙwanƙwasar juna, na ji ana wasa aska.

Sai na ji wanzamin ya ce, "A'a, mi ne ne wanga ƙululu? Ga jinin nan ya daskare! Nan za mu hwara."

Na jira Baba ya yi magana. Shiru.

Ban san sa'ad da na ja hijabi ba. Na yi sallama, ban jira amsa ba, na durƙusa bakin ƙofa na juya fuska ga bango.

"Sarkin Aska, don Allah kada a tsaga wurin nan."

"Ke! Wa yak kira ki?" Muryar Baba ce, ban taɓa jin ta haka ba.

"Baba, a gafarce ni. Likita ya hana. Na'ura ce a ciki, da waya."

Na faɗi sauran abin da takardar ta ce. Ta gefen ido na hango ƙaho ɗaya ya riga ya kama a kafaɗa, askar kuma tana hannun wanzamin, bai ɗaga ba, bai sauke ba.

"Tashi ki ba mu wuri," in ji Baba. "Kai kuma yi aikinka."

Ban tashi ba.

Wanzamin ya taɓa ƙululun da yatsa, a hankali, ya daɗe. Sannan ya cire ƙahon, ya naɗe askar.

"Da ka bar ni na yanka, ɗiyanka su ce ni na kashe ka? Maida rigarka. Ɗiyata, tahi, Allah shi yi miki albarka."

Aski kawai ya yi masa ya tafi.

Kwana tara ina gaida Baba ba ya amsawa. Tuwon da na aika kuwa yana cinyewa. Na yi ta istigfari, ban san ko na yi laifi ba, har yau ma ban gama sani ba. Ran na goma na durƙusa na ce, "Baba, an tashi lafiya?" Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Lahiya lau. Ɗauko takardar nan ki karanta min, tun daga hwarko."