Rumbun Baraka da Lambar Yabona

A gidanmu na Yakasai, murhun Iya Falmata ba ya mutuwa don an sauke tuwo. Kakata ce ta wajen uba. Iyayenta daga Barno suka zo, ita kuwa ko Wudil ba ta taɓa wucewa ba. Idan damina ta yi nisa, sabuwar masara ta shigo gari, sai ta ja kujerarta bakin garwashi a rumfar tsakar gida, mu jikoki mu kewaye ta. Da yatsu take juya masara, kamar ba ta jin zafi. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Cewa take, "Ga wata nan ta taho da ƙafarta, wa zai shimfiɗa mata tabarma?" Mu ce, "Mu ne, Iya."

Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce ta Baraka, wata mata a ƙauyen da gobara ta matsa wa. Duk lokacin girbi sai Baraka ta bi gida-gida da ƙwarya, kowace mace ta zuba gero kaɗan, a tara a rumbu guda can bayan gari. Aka yi ta yi mata dariya, wai tana kiran masifa da bakinta. Wata shekara wuta ta tashi a gidan maƙwabciyarta, ta cinye ɗakuna da hatsi, ta haɗa da mai gidan. Baraka ta buɗe rumbu, ta ɗauko gero a ka, ta kai. Mai gari ya tara jama'a ya yaba mata, har ya ba ta zane. Matar da aka yi wa rashin kuwa ta dubi geron, ta ce a ajiye a can.

Nan Iya ta koma juya masararta.

"Sai me ya faru?" na tambaya.

"Sai aka daka, aka yi tuwo, yaranta suka ci."

"Shi ke nan? Ko godiya ba ta yi ba?"

"Ke Hauwa, da wane bakin za ta yi? Karɓi masararki."

Na karɓa ina kumbure-kumbure. Ni a lokacin tatsuniyar da ba a yi biki a ƙarshenta ba, ba ta ƙare ba.

Ina sakandare Iya ta rasu. Na yi karatu, na samu aiki a kamfanin inshora mai tsarin takaful, wato na Musulunci, na shiga ƙungiyar mata ma'aikatan inshora. Mukan je makarantun 'yan mata mu yi musu bayanin aikinmu, mu kai abinci asibiti da azumi, mu bi mata masu sana'a muna wayar musu da kai. Ni aka ba unguwannin cikin gari, tunda na san lungunansu. A nan na haɗu da Hajiya Zulai, mai shagon ɗinki. Ranar farko cewa ta yi, "Malama Hauwa, ni Allah ne mai tsarona." Na yi ta sintiri kafin ta yarda ta shiga.

Bara da rana tsaka aka dawo da wutar lantarki da ƙarfi, shagon Hajiya Zulai ya kama da wuta. Kowa ya fito, amma 'yarta Rabi ta koma ɗauko kayan wata amarya da aka ba su ɗinki. Ba ta fito ba.

Na bi takardun har aka gyara shago, aka kawo sababbin kekunan ɗinki. Ranar da aka sauke su Hajiya Zulai tana zaune a bakin ƙofa. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari." Ba ta tashi ta duba su ba.

A taron ƙarshen shekara ƙungiyarmu ta ba ni lambar yabo a kan wannan aikin. Duk mun yi anko. Shugabarmu ta ce na mayar da mai sana'a kan ƙafafunta, aka yi tafi. Na hau, na karɓa, na yi murmushin hoto. Na nemi farin ciki ban samu ba, na nemi kuka shi ma babu. Takalmina da ke matse mini ƙafa kawai nake ji.

Iya ba ta raina geron Baraka ba, sai yanzu na gane. Yara sun ci tuwo, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Ta dai ƙi ta yi mana ƙarya cewa gero yana mayar da mutum. Aikin da na zaɓa iyakarsa ke nan, kuma gobe ma zan fita.

Makon jiya na kai wa Hajiya Zulai atamfa. Ta sa tef ta auna kafaɗata da hannuna. Keken da ke kusa da taga, inda Rabi ta saba zama, a rufe yake da zane, ba mai hawa. Da ta gama ta ninke atamfar.

"Ki dawo ranar Laraba," in ji ta.

Na ce to.