Usur ɗin Baba da Tukunyar Iya

Ni dai har yau in na ji an busa usur, ko da na 'yan ƙwallo ne a bayan gida, sai in tuna da wata tukunya a kife a tsakar gidanmu da dutse a kanta.

Garinmu ɗan ƙauye ne tsakanin Korgom da Tasawa, rairayi gabas, rairayi yamma. Ina maganar shekarun da gyaɗa ke da daraja, ba da daɗewa ba bayan mun samu mulkin kai. In ɗari ya shigo aka ci tuwo, Iya, kakata wadda ta haifi Baba, sai ta hura wuta a ƙofar ɗakinta da kara da ɓawon gyaɗa, ta miƙa wa kowane jika ƙwarya cike da gyaɗar iri. Tatsuniyar Iya ba kyauta ba ce, sai kana ɓara take ba ka. Kuma kunne gare ta kamar na zomo. In na jefa ƙwaya ɗaya a baki, ba za ta ko dube ni ba, sai ta ce, "Ku gaishe mani da ɓeran da ke cikin ƙwaryar Saude." Saude ni ce, kuma wallahi ban taɓa tsira ba.

Baba ɗan farinta ne, don haka tana yi masa kara irin ta mutanen da. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Wancan" take cewa, da ya sayi keke kuma ya koma "mai keke". In tana da saƙo gare shi, ko yana tsaye a gabanta, ni za ta duba ta ce, "Ki gaya ma mai keke danga ta faɗi." Ni kuma in juya in faɗa masa abin da ya riga ya ji.

Keken nan da kuɗin gyaɗa ya sayo shi a Maraɗi, baƙi wul, da ƙararrawa, ya naɗe masa jiki da roba ja da kore. Amma hanyarmu ba ta san darajar keke ba. Inda babu rairayin da ke shanye taya, akwai ƙayar aduwa da tsidau. Mutanen gari suka riƙa yi masa ba'a, wai rabin tafiya shi ke hawan keke, rabi keke ke hawansa. Kullum da maraice za ka gan shi da kwanon ruwa yana tsoma robar taya yana neman inda iska ke fita.

Ba shi kaɗai ba ne. Masu keke na garuruwan kewaye suka haɗa kai, suka naɗa shi Sarkin Keke, mushen lakwal na Korgom, wato malamin makarantar boko, ya rubuta masu takarda da Faransanci. Suka jeru har Tasawa, kowa da ƙullin ƙayar da ya cire daga tayarsa, suka zube a gaban kumandan, babban jami'in gwamnati na yankin. An ce kumandan ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce in sun share hanya sun tone kututture kafin ruwa ya sauka, shi zai aiko da kamyo, wato babbar mota, ya zuba tsakuwa a wuraren rairayi. In ruwa ya riga su, wani gari kamyon zai tafi. A ƙofar biro, wato ofishin kumandan, wani ma'aikaci ya ba Baba usur, da igiyar awo, da ɗan littafi, ya ce masa, "Da waɗannan ake aikin hanya." Baba ya rataya usur a wuya ya dawo gida yana murna.

Washegari da hantsi ya tsaya a dandali ya busa. Ya buɗe littafi ya karanta sunayen magidanta da ya rubuta da ajami, ya ce kowane gida zai share gaba goma na hanya, ga igiya za a auna, wanda bai fito ba kuwa sunansa zai tafi Tasawa. Ina wurin, na ga tsofaffi sun sunkuyar da kai. Baba Nomau, wani tsoho mai ɗingishi, ya kakkaɓe buzunsa ya tafi, sauran suka bi shi ɗai-ɗai.

Iya na jin usur ɗin daga cikin gida ta tashi ta ɗauko babbar tukunyarta, ta kife ta a tsakar gida, ta aza dutse. A garinmu duk gayyar da za a yi, ta noma ce ko ta jinka, a tukunyar nan ake dafa abincinta, kuma Iya ke fara hura wuta. Mata na ganinta a kife kowa ta jingine taɓaryarta. Gayya kuwa ba ta fita da yunwa. Kwana biyar Baba da 'yan uwansa masu keke su kaɗai ke saran ƙaya, ba su ko kai gonar farko ba. Yara suka fara bin shi suna cewa "gardi, gardi", sunan dogaran Nasara na da. Ya daina cinye tuwonsa. Ni na ji masa ciwo ƙwarai, har na ji haushin Iya, don a ganina mugunta ce kawai irin ta tsofaffi.

Daren na shida muna zaune a bakin wuta, Baba can gefe da kwanon ruwansa da robar taya, ya ba mu baya. Iya tana da nata buɗin tatsuniyar da ba irin na kowa ba. Ta ce, "Ga wata baƙuwa nan tafe daga nesa." Muka ce, "Ta sauka mu ba ta ruwa." Amma daren nan ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Wai zaki ya ga namun dawa suna shan wuya kafin su kai tabki, ƙaya na tsire masu ƙafa, sai ya ce a yi hanya. Magana mai kyau, kowa ya ce madalla. Sai ya ba kura shugabancin aiki. Kura ta samo ƙaho, ta samo igiya. Kafin gari ya waye ta busa, ta auna wa kowa rabonsa, wanda ya makara ta ɓalle masa kunne. Barewa ta yi ta tono har kofatonta ya tsage. Jaki aka ɗora wa duwatsu, ya kai ya komo, ya kai ya komo, ya ce ƙirjinsa na ciwo, kura ta ce ƙaho bai san ciwo ba. Aka gama hanya, fetal, giwa biyu sa jera a kanta. Amma ko dabba ɗaya ba ta yarda ta taka ta ba. Suka gwammace su ratsa ta cikin ƙaya, har ciyawa ta cinye hanyar.

Zaki ya rasa dalili. Yana tafe yana tunani sai ya ga hanyar tururuwa, siririya, a share tas, tun daga raminsu har gona. Ya durƙusa ya tambayi wata tsohuwarsu.

Nan Iya ta ƙanƙance murya. "Ya ce, 'Wa ke busa maku ƙaho?' Ta ce, 'Ranka shi daɗe, ba mu da ƙaho.' Ya ce, 'To wa ke cizon wadda ta makara?' Ta ce, 'Babu.' Ya ce, 'To mi ke fiddo ku?' Ta ce, 'Tsaya ka duba da kyau.' Ya duba, sai ya ga duk wadda ta gamu da 'yar uwarta sai sun tsaya sun haɗa kai sun gaisa, komi nauyin kayan da ke kanta. Tsohuwar ta ce, 'Mu da gaisuwa muka yi tamu. Mai zuwa roƙonta aka yi, ba kiranta aka yi ba.'"

Ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Baƙuwa ta sha ruwa ta wuce." Nan take rufewa kullum. Amma ni da shegen bakina na ce, "Iya, jakin fa?"

Ta daɗe tana tura ɓawo cikin wuta da tsinke. Sannan ta ce, "Jaki bai komo gida ba. A gindin wata aduwa aka binne shi, bakin hanya. Matarsa na can tana jiran shi da ɗa a goye, sai rigarsa aka kawo mata." Na so in ce jaki ai ba ya sa riga, sai na ga fuskarta, na haɗiye. A bayanmu kuma ruwan kwanon Baba ya daina motsi.

Da safe muna sussuka Inna, mahaifiyata, ta faɗa mani. Zamanin Nasara, lokacin aikin tilas, haka gardi ya tsaya a dandalin nan ya busa usur ya karanta sunaye daga takarda. Sunan kakana na ciki, da na Baba Nomau. Aka tafi da su aikin babbar hanya wajen Maijirgi, ana auna masu rabo da igiya. Baba Nomau ya dawo da ɗingishi, kakana bai dawo ba. Baba ya san a aikin hanya ubansa ya rasu, amma yana goye a lokacin, kuma babu wanda ya taɓa ba shi labarin usur da igiya. Wa zai ba shi? Uwar da ba ta iya ko kiran sunansa?

Ran nan ban ga usur a wuyansa ba. Keken ma a jingine ya bar shi. Ya sayi goro ya ƙulle a ganye, ya fita da ƙafa, ya fara da gidan Baba Nomau. An ce ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa ya ce, "Baba, na yi wauta. Gayya na zo roƙo, in babu hali ba komi." Tsohon ya bar shi a durƙushe har rana ta take, sannan ya karɓi goro ya ce, "Ni ƙafata ba ta sara, amma ɗiyana uku za su zo." Kwana huɗu yana zagaya gari gida-gida. Wasu sun karɓa, wasu sun ce sun ji, biyu ko uku suka ƙi sam, ya yi masu godiya ya wuce.

Daren da ya gama, ya zo ya ajiye goro biyar a bakin tabarmar Iya, ya koma gefe ya tsuguna. Ta dubi goron, ta dube ni. "Saude, ki gaya ma mai keke dutsen nan ya yi mani nauyi." Ban ma buɗe baki ba ya tashi ya ɗauke dutsen daga kan tukunya.

Gayyar da aka yi ba zan manta da ita ba. Mai ganga ya fito yana wasa samari, kowa na son a ce shi ya fi. Babu igiya, amma mutumin da aka ce wa gaba goma ya ƙi, sai ga shi ya yi ashirin yana dariya. Makiyayan da ke mashekari kusa da mu suka kawo nono don kada a taɓa masu burtali, aka kuwa kauce masa. Mu 'yan mata muna ta jigilar ruwa da fura. Hadarin farko na haɗuwa a gabas kamyo ya iso da jar tsakuwa, muka bi shi da gudu har bayan gari.

Na girma, na yi aure a Mayahi, na daɗe ina shugabantar mata a unguwarmu, kan rijiya, kan injin niƙa, kan rigakafin yara. Sau da yawa an miƙo mani takarda an ce in kira sunaye, aiki zai fi sauri. Gaskiya ne, ya fi sauri, kuma na taɓa gwadawa na ga yadda fuskokin mata suka koma. Tun daga nan nake ɗaukar mayafina in bi gida-gida, in tambayi lafiyar yara da ta akuya kafin in faɗi abin da ya kawo ni. 'Ya'yana na cewa ina ɓata lokaci. Ni kuwa na san abu mai kyau ma yana iya zuwa da muryar da ta taɓa cutar mutane, su guje shi ba don ba su so ba.

Amma abin da ya fi zama mani a rai ya faru ne bayan ruwa ya ɗauke. Iya, wadda ta rantse ba za ta taɓa hawa "wanga ƙarfe" ba, ta kira ni ta ce, "Ki gaya ma mai keke ina so a kai ni wani wuri." Baba ya naɗe zane a mazaunin baya, ta hau a karkace tana salati, ni kuma aka aza ni a kan sandar gaba, don in babu ni ba su da bakin magana. Wani abokin Baba ya ɗauko Baba Nomau. Muka bi sabuwar hanya har ta haɗu da babba, taya ba ta fashe ba ko sau ɗaya.

Kusa da Maijirgi Baba Nomau ya ce a tsaya. Ya yi ta dube-dube, sannan ya nuna wata tsohuwar aduwa da sandarsa, ya ce nan aka binne kakana. Babu alamar komi a gindinta, sai kashin awaki. Maza suka yi addu'a aka shafa. Iya ta durƙusa ta share ƙayar wurin da tafin hannunta. Na matso kusa ina jiran ta ba ni saƙo kamar kullum, amma ba ta dube ni ba. Ƙasa ta duba.

Ta ce, "Malam, ga Idi na kawo maka. Ya yi hanya, bai doki kowa ba."

Ranar ce kaɗai na taɓa jin sunan ubana a bakinta. Baba ya juya ya kama ƙahon kekensa da hannu biyu, ya daɗe a haka bai waiwayo ba.